Annoba Uku a Damagaram: Marisuwa, Agana da Korona



A watan Maris na 2020 aka rufe ajinmu na karatun manya, kamar yadda aka rufe dukan makarantun ƙasa saboda cutar korona. Bayan ƴan kwanaki na gamu da wani ɗalibina, dattijo mai sayar da goro. Muka gaisa, sai ya ce, "Malam, ina da tambaya. Yau na wuni a Kasuwar Dole, mutane kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce mana kanzil. Da magariba na nufi masallaci, aka ce kowa ya yi salla a gida. Shin wannan cuta hanyar masallaci kaɗai ta sani?"

Na ce, "Baba, doka ce." Ya dube ni, ya yi murmushi, ya wuce. Shi da ni duka mun san ban ba shi amsa ba. Tun daga ranar nake bin tarihin annobar da ta taɓa ratsa ƙasar nan, don in ga yadda hukuma da talakawa suka yi da juna a kowane karo. Ga abin da na samo.

Garin da hanya ta raya

Damagaram gari ne na hanya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, ana ƙera igwa a cikin gari, ayarin raƙuma kuma na fitowa daga Tarabulus, su biyo ta Agadas, su sauke kaya a Zango kafin su zarce Kano. Daga nan zuwa Kano tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. Wannan hanya ita ta kawo mana arziki da malamai da baƙi. Ita ce kuma take kawo cuta, gama ƙwayar cuta ba ta da ƙafa, a jikin matafiyi take tafiya.

Cututtukan nan uku da za mu yi magana a kansu, ƙwaya iri guda ke kawo su, wadda likitoci ke kira birus. Ta fi sauran ƙwayoyin cuta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma magungunan da ke kashe sauran ba su yi mata kome. Abu biyu ke tare ta: a raba mai cuta da mai lafiya, ko a yi wa mai lafiya lamba tun cutar ba ta same shi ba. Dukansu biyu kuwa ba su yiwuwa sai da yardar jama'a.

Shekarar marisuwa

A 1918, Yaƙin Duniya na Farko na gab da ƙarewa, wata mura mai tsanani ta bazu a duniya. Hausawa suka sa mata suna marisuwa. A watan Satumba ta sauka Ikko a jirgin ruwa. Daga can ta hau jirgin ƙasa, wanda bai fi shekara bakwai da isowa Kano ba, ta shiga ƙasar Hausa, ta bi fatake da sojoji har ƙasashen da Faransa ke mulki. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi da tari, kafin kwana uku ko huɗu an kai shi makwancinsa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ta fi kashe majiya ƙarfi, samari da mata masu ciki. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ta kashe mutum wajen 500,000, a duniya kuwa wajen miliyan 50.

A wane hali ta tarad da Damagaram? Turawan Faransa sun ci garin a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin yana ƙulla musu makirci, suka kai shi nesa, suka danƙa gari a hannun Ballama. Har 1923 ba a sake naɗa sarki ba. Tun 1911 Damagaram ce babban birnin yankin soja na Nijar, amma abin da talaka ya sani game da wannan hukuma shi ne haraji da aikin tilas da kamun soja. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta riga ta karya mutane. A 1917 kuma an kwashe raƙuma da hatsi don yaƙin Kawusan a Agadas.

Saboda haka marisuwa ta sami gari ba sarki, hukuma kuma ba amana. Likitocin da ke akwai ƴan ƙalilan ne, na soja, aikinsu na fari kula da bariki. Ko da sun so taimako, ba su da magani, don sai a 1933 masana suka gano ƙwayar da ke kawo wannan mura. Mutane suka koma ga abin da suka sani: addu'a, rubutun sha, sadaka, sassaƙe da turare. Annoba ta ci iyakar cinta, ta lafa don kanta. A wannan karo hukuma ba ta da abin ba talaka, talaka kuma bai sa ran kome daga gare ta ba.

Yadda aka ga bayan agana

Agana ta girmi marisuwa ƙwarai. Kakanninmu sun san ta sarai. Takan zo da rani, ta fesa wa mutum ƙuraje tun daga fuska har tafin ƙafa. Ta kashe na kashewa, ta makanta wasu, wanda ya tsira kuma ya zauna da zanzana a fuska har ya mutu. Tun kafin zuwan Turawa, a wurare da dama na ƙasar Hausa akan ɗebi ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, don ya yi ƴar kaɗan ya huta. Dabarar tana da haɗari, gama wanda aka yi wa yana iya ɗaukar cutar sosai, ya kuma ba wasu. Duk da haka ta nuna cewa rigakafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A 1967, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka fara babban yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikata na yawo ƙauye ƙauye da mota, ɗauke da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga. Ana taka ta da ƙafa, ta harba magani cikin fata ba tare da allura ba, kuma cikin awa guda tana iya yi wa ɗaruruwan mutane.

Na'urar ta taimaka, amma tsarin aikin ya fi ta muhimmanci. Kafin mota ta iso, an riga an gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa mai gari, mai gari ya sa sanƙira ya yi shela. Akan zaɓi ranar kasuwa ko inuwar da mutane suka saba taruwa. A lokacin kuma ƙasa na da sababbin hanyoyin magana da talaka da harshensa: ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962, da ma'aikatar yaƙi da jahilci da aka buɗe a 1963. Ga shi kuma ba a bukatar dogon bayani a kan agana, don kowane gida ya taɓa binne wani saboda ita. Gani ya kori ji.

A watan Nuwamba na 1969, a nan Nijar kusa da Yamai, aka yi bikin cikar mutum miliyan 100 da aka yi wa lamba a waɗannan ƙasashe. A 1970 agana ta ƙare a Afirka ta Yamma. An ga na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somaliya a 1977, a 1980 kuma aka yi shelar ta ƙare a duniya duka. Wanda ke son shaida, ya dubi damtsen mahaifinsa ko kakarsa, zai ga tabon lambar nan. Mu da aka haifa daga baya ba mu da shi, don ba mu bukace shi ba.

Abin da ya ɓata tsakani

To, me ya sa jikokin waɗanda suka yi layi don lambar agana suka riƙa gudun masu rigakafi? Akwai dalili, kuma daga Kano ya taso, inda duk abin da aka faɗa da safe yakan iso Damagaram kafin dare.

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna a Kano. Kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin shan inna yana hana haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, cutar ta sake yaɗuwa, ta ƙetaro iyaka, ta gurgunta yara a Nijar da wasu ƙasashe. Ba a shawo kan abin ba sai da aka koma ga sarakuna da malamai, suka shiga gaba, wasu suka ɗiga wa ƴaƴansu maganin a bainar jama'a. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

A watan Fabrairu na 2006 kuma murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya. Hukuma ta ba da umarnin kashe kaji da agwagi na kewayen, ta yi alkawarin diyya. Ga likita, wannan tare cuta ne. Ga matar ƙauye kuwa, kazarta ita ce asusunta, ita take sayarwa ran da yaro ya kwanta ciwo. Duk dokar lafiya tana da wanda ke biyan kuɗinta, kuma sau da yawa shi ne wanda ba a tambaya ba.

Korona

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya. Ranar 17 ga wata Shugaba Mahamadu Isufu ya yi wa ƙasa jawabi: za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, an kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 aka sami mutum na farko mai cutar a Yamai. A cikin waɗannan kwanaki aka hana sallar jam'i da ta Juma'a, aka rufe majami'u. Ranar 27 aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa wa Yamai dokar hana fitar dare, aka kuma hana shiga da fita birnin.

A jiharmu aka fara tayar da ƙura. Ranar Litinin 23 ga Maris, a Mirya, matasa suka fito da sanduna saboda hana salla, suka ƙone gine-gine da motoci. Bayan mako guda aka yi irinta a Illela ta jihar Tawa, inda aka cinna wa ofishin magajin gari wuta. A tsakiyar Afrilu, azumi na ƙaratowa, unguwannin Yamai suka ɗauka, aka kama mutane fiye da 100 cikin kwana uku.

Ƙone dukiyar jama'a ba shi da hujja, da kuɗin harajinmu aka sake gina abin da aka ƙone. Amma ya kamata mu san abin da ke cikin zukatan mutane a lokacin.

Na farko, ba su ga cutar ba. Agana a fuska take, korona kuwa da yawan masu ita ba su ko kwanta ba. A farkon lamari sai an kai abin gwaji Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kafin a san sakamako. Waɗanda aka ji sun kamu kuma galibi manyan ma'aikata ne da masu hawa jirgin sama. Sai aka ce ciwon masu kuɗi ne, ko na ƙasashen sanyi, zafin watan Afrilu zai kashe shi.

Na biyu, abinci. Mai kabu-kabu da mai tallan ruwa da mai wankin hula, hannu baka hannu ƙwarya suke. Nijeriya ta riga ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, ciniki ya yi sanyi a Magarya da Matamai. Rufewar 2020 ta zo ta tare ƴan ci-rani a waje daf da lokacin shuka. A lokacin ne kuma gwamnonin arewacin Nijeriya suka shiga mayar da almajirai garuruwansu, yaranmu da yawa suka komo gida ba shiri. Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin ƙarfi, ta ƙara sayar da hatsi da rahusa, ta saki fursunoni 1,540 don rage cunkoso. Taimako ne, amma mutumin ƙauyen da ba shi da mita, yafe kuɗin wuta bai kai gare shi ba.

Na uku, zargi. Ranar 15 ga Maris an tarwatsa wata zanga-zanga a Yamai a kan kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, da hujjar hana taro saboda korona, har aka rasa rayuka. Daga nan wasu suka ɗauka cewa cutar ta zama sandar dukan ƴan adawa, ko kuwa hanyar karɓar kuɗin Turawa. Saƙonnin murya suka yi ta yawo a salula, kowa na tura wa ɗan uwansa, ba a san wanda ya fara ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka zafi, shi ne masallaci. Gwamnati ta zauna da shugabannin addini a Yamai kafin ta yanke hukunci. Amma limamin unguwa a Garin Malam ko a ƙauyen Dungas, a rediyo ya ji, kamar kowa. Shi ne kuwa mutane za su tambaya da asuba.

Hukuma ita ma tana da hujjarta. Ta ga yadda asibitocin Italiya suka cika har ana rasa gado, ta san namu ba su kai ko kusa ba. Saudiyya da kanta ta dakatar da Umra, aka ga hoton Ka'aba ba masu ɗawafi, a shekarar kuma ba wanda ya je Hajji daga waje. A Kano, cikin watan Afrilu, aka yi ta binne dattawa fiye da yadda aka saba. Daga baya ministan lafiya na Nijeriya ya ce binciken mutuwar mutum 979 ya nuna rabi ko fiye korona ce sanadi. Ranar 3 ga Mayu ministan ƙwadago na Nijar, Mohamed Ben Omar, ɗan jihar Damagaram, ya rasu da cutar. A cikin watan nan Damagaram ta zama wuri na biyu da cutar ta fi yawa bayan Yamai.

Ranar 13 ga Mayu, ana cikin azumi, aka buɗe masallatai da sharaɗin wanke hannu, rufe hanci da baki, da barin tazara. Makarantu suka koma ranar 1 ga Yuni. Cutar ta sake tasowa a watan Disamba, daidai lokacin yaƙin neman zaɓe, sa'ad da filaye ke cike da taron siyasa, abin da ya ƙara wa masu shakka ƙarfin baki. An fara lambar korona a ƙarshen Maris 2021, amma mutane ba su yi tururuwa ba kamar zamanin agana. Zuwa Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci, waɗanda aka rubuta sun kamu a Nijar ba su kai 10,000 ba, mamata kuma sun ɗan haura 300. Gwaji ya yi kaɗan, don haka adadin gaskiya ya fi haka. Wani abin da ya taimake mu shi ne cutar ta fi kashe tsofaffi, mu kuwa rabin jama'armu ba su wuce shekara 15 ba.

Amsar dattijo

Yanzu ina da amsar da zan ba mai goro. Cutar ta san hanyar kasuwa sarai. Sai dai ƙwayarta a numfashi take tafiya, ta fi kama mutane a ɗaki rufaffe inda aka matsu, fiye da fili inda iska ke kaɗawa. Kuma in an rufe kasuwa mako guda, yunwa za ta riga cutar kisa, alhali salla tana yiwuwa a gida in akwai larura. Malamanmu sun san tarihin Sayyidina Umar, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Wannan bayani bai fi minti biyar ba. Da an tara limamai da masu unguwa tun ranar farko an yi musu shi da Hausa, aka kuma saurari nasu, wataƙila da ba a ƙone kome a Mirya ba.

A 1918 ba magani, ba amana, mutane suka mutu. A 1967 an sami magani, an bi ta hannun waɗanda jama'a ta yarda da su, agana ta ƙare. A 2020 doka ta riga bayani isowa, aka sha wahalar da ba ta zama dole ba. Wata annoba za ta zo, gama hanyar Kano da ta Agadas suna nan, yanzu ma da mota da jirgi ake bin su. Wadda za ta zo kuma ba lalle ta tausaya wa yara ba, marisuwa ma samari ta fi ɗauka.

Abin da ke kan hukuma shi ne ta nemi shawarar sarakuna da limamai da shugabannin mata tun kafin ta sa hannu a takarda, ta faɗi gaskiyar abin da ta sani, ta kuma tuna da tukunyar talaka. Mu ma akwai namu. Wanda ya iya karatu a gida, shi ne idon gidan. In saƙo ya shigo salula, ya tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Ya karanta wa iyalinsa takardar likita, ya duba katin lambar yara, ya rubuta tambayar da ta dame shi ya kai gidan likita. Mai goro ya yi daidai da ya yi tambaya. Laifin namu ne da muka ce masa doka ce, muka yi shiru.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, amin.